Amyar Ciyawa, Komin Kenya ko Akwatin Langstroth: Wanne Ya Dace da Mai Ɗan Lambu?

Tun da na fara kai wa abokan aiki kwalbar zuma daga lambuna, tambaya guda ce ke ta dawo mini: "Malam, ni ma ina so in gwada, wace irin amya zan nema?" Yawancinsu ba sana'a suke nema ba. Mutum ne mai albashinsa, yana da ɗan fili a bayan gari da ya dasa mangwaro da gwaiba, yana son abin da zai riƙa leƙawa ran Asabar da yamma, in shekara ta zagayo ya samu zumar da ya tabbata ba a dafa sukari an zuba mata ba. Da irin wannan mutumin nake magana. Mai son ajiye amya ɗari ya shiga kasuwa, lissafinsa daban ne.

Abu uku ne a gabanka. Akwai amyar ciyawa ta iyaye da kakanni, wadda ake ɗorawa a kan dorawa ko kaɗanya. Akwai doguwar amyar katako mai sanduna a sama, da ake kira ta Kenya, ni kuwa komi nake ce mata don ba ta da maraba da komin da ake zuba wa shanu dusa. Sai akwatin Langstroth mai hawa-hawa kamar bene, wanda shi ne kake gani a bidiyon Turawa. Dukansu ukun sun ratsa ta hannuna, kowanne kuma ya bar mini tabo.

Amma tun kafin a zo kan amya, cire tsakar gida daga lissafinka. Na san ka ga Bature a YouTube ya ajiye akwati a bayan ɗaki, yana buɗewa da 'yar singileti, 'ya'yansa na wasa a gefe. Ƙudan zumarsa daban, namu daban. Na Afirka ta Yamma ƙanana ne, masu zafin nama, kuma ba sa fita faɗa ɗai-ɗai. In suka tashi, rundunar ce ke fitowa, su bi mutum tafiya mai nisa, su kuma wuni suna neman wanda za su sauke wa haushi. Danginsu na kudancin Afirka ne aka kai Barazil a 1956 don a inganta iri, wasu suka kuɓuce a 1957, kafin 1990 ta ƙare jikokinsu sun isa Texas a Amurka, har yau kuma mutanen can suna ba da labarinsu da fargaba. Mu kuwa da irinsu muka tashi, shi ya sa ba ma ganin girman abin.

Ni akuya ce ta koya mini. A shekarata ta farko, ɗoki ya sa na buɗe amya da rana tsaka, ina cikin rigata a rufe ruf, ban san mai gadin lambun da ke maƙwabtaka da ni ya ɗaure akuyarsa a gindin magarya ta bayan shinge ba. Dabbar da ke sake takan gudu ta tsira. Wadda ke turke ba ta da inda za ta. Na biya kuɗin akuya, na kuma yi wata guda ina ba da haƙuri. Ka ɗauki wannan ka kai unguwar da ke da makarantar allo, da ragon layya a ƙofar kowane gida, da tsohuwar da ba ta iya gudu, ka ga abin da nake nufi. Ko da ba su harbi kowa ba, lokacin hunturu za su cika bakin famfon maƙwabta, su sauka a kan garin da aka shanya, su hana mai rake sakat, kowa kuma ya san na wane ne. Saboda haka lambu ko gona, nesa da hanyar mutane da turken dabbobi, a inuwa, da shinge mai tsawo da zai tilasta musu tashi sama in sun fito. In ba ka da irin wannan wuri, nemi aron kusurwar gonar wani ɗan'uwa. Ba wata amya da za ta gyara mugun wuri.

Amyar ciyawa ita ce ta fi kowace araha, kusan kyauta. Ana saƙa ta da ciyawa kamar dogon ganga, a shafe cikinta da kashin shanu, a bar ta ta bushe, a yi mata turare da abubuwan da kowane mai sana'ar ke ɓoye sirrinsu, a toshe bakin da marfi mai 'yar ƙofa, a lulluɓe da bunu saboda ruwa, sannan a hau da ita a saƙale a tsakanin rassa. Wani yakan yi da tulu, wani da kututturen da aka rarake. Kada ka raina ta. Ƙudan zuma sun fi saurin shiga cikinta a kan kowane akwati da kafinta zai ƙera maka, don tana sama inda suke nema, tana da ƙanshin da suka sani, ciyawa da kashin shanu kuma suna tare zafin bazara fiye da katako mai kauri ɗaya. Akwai wani dattijo a ƙauyen da ke kusa da lambuna, ranar da ya fara ganin akwatunana jere a ƙasa a kan ƙafafun ƙarfe, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, zuma ai ba kaza ba ce da za ka yi mata akurki." A wannan shekarar amyoyinsa sun cika tun kaka, nawa biyu suka kai ƙarshen hunturu ba kowa ciki sai ƙadangare.

Matsalarta ita ce ba ka ganin ciki. Ƙudan suna manne saƙarsu a jikin bangon amyar ta ko'ina, ba abin da za ka ɗaga ka duba ka mayar. Ko sarauniya ta mutu, ko tsutsa ta shiga tana cin saƙa, ko zuma ta nuna, sai dai ka tsaya a ƙasa ka yi kirdado da yawan masu shiga da fita. Ranar ɗiba kuwa da dare ake hawa, da damin ciyawa mai ci da wuta, shi ya sa Bahaushe ke cewa zuma sai da wuta. Gwani irin wannan dattijon yakan buɗe ta baya, ya yanki saƙar zuma, ya bar ta 'ya'ya. Amma mafi yawa kwashewa suke yi duka, ƙwai da tsutsa da garin fure da zumar da ba ta nuna ba, a haɗa a matse. Daga nan ake samun zumar nan mai ƙaurin hayaƙi, wadda bayan 'yan makonni za ka ga tana kumfa a bakin kwalba tana tsami. Ƙudan da suka tsira daga wutar kuma sai su yi gaba.

Ga kuma hawan. Kai da ka ba hamsin baya, ga tumbi, ga ciwon gwiwa, ka yi tunanin kanka a kan reshen dorawa da ƙarfe goma na dare, hannu ɗaya riƙe da wuta, ɗaya da bokiti, ana harbinka a wuya. Wanda ya shiga kiwon zuma don ya huta ya kalli halitta, amyar ciyawa ba za ta nuna masa komai ba sai ranar da za a rushe ta.

Akwatin Langstroth shi ne ƙarshen wancan gefen. Wani limamin coci ne a Filadelfiya ta Amurka, Lorenzo Langstroth, ya lura da wani abu a 1851, ya yi rajistar amyarsa a 1852. Abin da ya gano ƙarami ne amma shi ya canza sana'ar: in aka bar rata tsakanin milimita 6 zuwa 9, ƙudan zuma sukan bar ta a matsayin hanyar wucewa. In ta gaza haka su liƙe ta da ƙaro, in ta wuce haka su gina saƙa a ciki. Sai ya yi akwati, ya rataya firam-firam na katako a ciki, kowanne da wannan ratar ta ko'ina, yadda za a zaro shi kamar yadda ake zaro fayil daga durowa. Akwatin ƙasa na sarauniya ne da 'ya'ya, galibi firam 10. A ɗora wani a sama na zuma zalla, a sa rariyar ƙarfe ko ta roba a tsakani, wadda ma'aikata ke iya ratsawa amma sarauniya ba ta iyawa. In wannan ya cika a ƙara wani.

Ƙarfinsa na gaskiya yana wurin ɗiba. A 1865 wani hafsan sojan Ostiriya, Franz Hruschka, ya fito da injin da ke juya firam da sauri har zuma ta fantsamo ta bar saƙar lafiya lau. Sai a mayar musu da saƙar su sake cikawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kafin ƙudan zuma su samar da kilo guda na kaki, sai sun sha zuma wajen kilo 6 zuwa 8. Duk saƙar da ka mayar musu, ka rage musu wannan asarar. Shi ya sa idan furanni suka wadata, aka kuma samu mai kula da ya san aikinsa, ba amyar da ke kamo Langstroth a yawan zuma. Saƙarsa kuma tana da waya a ciki, ba ta karyewa, za ka iya ɗora akwatin a mota ka kai gonar riɗi lokacin da take fure, ka dawo da shi gindin mangwaro a watan Janairu.

To ina matsalar? Matsalar ita ce ba akwati kaɗai ka saya ba, jerin gwano ka saya. Kowane firam sai an ɗaura masa waya, sai an manna masa faifan kaki mai zanen ramuka don su bi su gina a miƙe, faifan nan kuma ba a kasuwar ƙauye ake samunsa ba. Injin tatsa shi kaɗai ya fi kuɗin amyoyi da yawa, kuma ba hankali ba ne mai amya biyu ya saye shi don aikin yini ɗaya a shekara. In ba inji, sai ka yanke saƙar daga firam ka matse da hannu, ka ga ke nan ka biya kuɗin mota ka tafi a ƙasa.

Sai maganar awo. Duk hikimar akwatin tana rataye ne a kan 'yan milimitocin nan, a kowace kusurwa, a kowane firam. Na taɓa karɓar guda biyu daga wani shirin tallafi da ya raba wa mutane. Da ɗanyen katako aka yi su. Hunturu ɗaya ya busa, murfi ya kantare, gefe ya buɗe baki, ratar da ya kamata ta zama hanya ta koma fili. Da na zo buɗewa a bazara, firam shida sun zama dunƙule guda, saƙa ta ratsa su a karkace, na sama kuma ya manne da na ƙasa. Na sa ƙarfi na ɓamɓare, zuma ta tsiyaye a kan 'ya'ya, washegari tururuwa suka yi layi, kwana uku bayan haka ba ƙuda ko ɗaya a ciki. Ko wanda aka ƙera da kyau ma, in awon ƙasashen waje aka bi, an yi shi ne don ƙudan Turai da suka fi namu girma: su tazarar saƙarsu daga tsakiya zuwa tsakiya milimita 35 ce, namu kuwa 32.

Akwai wani abu kuma da sai wanda ya tsaya a kan amyar ya sani. Da ka ɗaga murfin Langstroth, duk ratocin da ke tsakanin firam goman nan a buɗe suke lokaci guda, haske ya faɗa wa gidan gaba ɗaya. Ƙudan Bature sukan ci gaba da harkarsu. Namu tafasowa suke yi kamar madara a wuta. Sannan akwatin sama in babba ne ya cika, yakan haura kilo 30, kai kaɗai za ka ɗaga, cikin riga mai kauri, a zafin Afrilu. Bayan ɗiba kuma ga saƙar da ka tatse sai ka adana ta zuwa baɗi, a ƙasar da wani ɗan malam-buɗe-littafi mai launin toka ke jiran irin wannan garaɓasa. Yana sa ƙwai, tsutsarsa ta mayar maka da firam goma yanar gizo da baƙin kashi cikin 'yan makonni. A ƙasashe masu sanyi, hunturu ne ke kashe musu shi. Mu ba mu da wannan gatan.

Kada kuma ka manta da halin ƙudanmu na yin ƙaura. In abinci ya yanke, ko ruwa ya yi nisa, ko tururuwa sun dame su, ko kai ka cika buɗe-buɗe, sai su tattara su bar maka gida ba sallama. Wannan yana faruwa a kowace irin amya. Bambancin shi ne, in ta ciyawa ce suka bari, ka yi asarar ciyawa. In Langstroth ne, kuɗin da ya kai na tunkiya ne ke zaune fanko a gindin bishiya, ɓarawo kuma ya san darajarsa.

Komin Kenya yana tsakanin biyun, kuma shi ne na tsaya a kai. Masana daga Jami'ar Guelph ta Kanada ne suka tsara shi tare da mutanen Kenya a farkon shekarun 1970, ko da yake dabarar tsohuwa ce: tun ƙarni na 17 matafiya suka tarar da Girkawa suna jera sanduna a bakin kwando don ƙudan zuma su rataya saƙa. Dogon akwati ne da ya kusa mita guda, faɗi a sama, tsukakke a ƙasa. Ba firam, ba waya, ba faifan kaki. Sanduna ne kawai, kusan 27 zuwa 30, a jere a sama suna manne da juna, kowace sanda saƙa guda ke rataye a jikinta kamar yadda suke yi a kogon bishiya. Karkatar bangon tana rage musu sha'awar liƙa saƙar a gefe, ko da yake sukan ɗan taɓa, sai ka bi da doguwar wuƙa ka raba.

A duk jikin amyar nan awo ɗaya ne tak ba a wasa da shi: faɗin sanda, milimita 32. Sauran duk in kafinta ya ɗan kauce ba abin da zai faru. Amma wannan ɗayan sai ka tsaya a kansa. Kafintan da ya yi mini na farko, mutumin kirki, gwanin gado da kujera, na ba shi awo a takarda na tafi. Da na dawo ya ce, "Alhaji, na ga sun yi siriri da yawa, na ɗan ƙara musu auki don su yi ƙarko." Ya kyauta a ganinsa. Ƙudan kuwa ba su san da zancen ba, suka ci gaba da gini a kan nasu awon, saƙa ta farko a kan sanda ta farko, ta biyu ta ɗan zame, kafin a kai ta shida tana rataye a tsakanin sanduna biyu. Tun daga ranar, ba na barin shagon kafinta sai na jera sanduna 10 a kan benci na matse su na sa tef. In ba su ba ni santimita 32 daidai ba, a sake. Ka kuma nace a kan busasshen katako, ka sa ya tsaga ɗan layi a tsakiyar kowace sanda ta ƙasa, ka narka kaki ka zuba a layin. Wannan layin suke bi su fara gini, ƙanshin kakin kuma shi ke kiran su.

Abin da ya sa nake son komi shi ne yadda ake buɗe shi. Sandunan da ke manne da juna su ne rufin gidan. In ka cire murfin kwano, ƙudan ba su ma san ka zo ba. Sai ka fara daga baya, can nesa da ƙofa, ka ƙwanƙwasa sanduna da yatsa: mai ƙarar fanko ba komai, mai nauyin sauti akwai saƙa. Ka zare biyu marasa komai, ka busa hayaƙi kaɗan, ka riƙa matsowa sanda bayan sanda. Ratar da ke buɗe ba ta wuce faɗin tafin hannu ba, sauran gidan yana cikin duhunsa. Ga ƙudan da ke da saurin fushi irin namu, wannan ya fi kowace riga amfani. Abin da kake ɗagawa kuma saƙa ɗaya ce, kilo biyu ko uku, wadda ko matarka ko ɗanka matashi zai iya.

A nan ne kuma za ka ga abin da ya kawo ka. Da la'asar sakaliya, rana ta yi sanyi, ka ɗago sabuwar saƙa fara sol, haske na ratsa ta. Daga sama zuma ce a rufe da farin kaki, ƙasa da ita zoben garin fure, rawaya da ja da ruwan ƙasa gwargwadon bishiyar da suka je, a tsakiya kuma 'ya'ya a rufe da murfi mai kalar biskit. In ka karkata kaɗan ka duba gindin ramukan da ba a rufe ba, za ka ga ƙwai a tsaye kamar ƙwayar shinkafa da aka ƙanƙanta. Ganin ƙwan nan ya ishe ka sanin sarauniya na nan cikin kwana ukun da suka wuce, ba sai ka neme ta ba.

Na ce karkata kaɗan, kuma da gangan na faɗa. Saƙar komi ba ta da abin da ya riƙe ta sai layin da ta manne a sanda. Dole ta kasance a tsaye kullum, kamar yadda take rataye a ciki. Ranar da ka kwantar da ita kamar faranti don ka gani da kyau, musamman sabuwa mai nauyin zuma a lokacin zafi, za ta ɓalle ta faɗo maka a kan takalmi. Kowa sai ya yi wannan sau ɗaya. Saboda wannan raunin ne ba a yawo da komi a mota, kuma dole ya zauna a inuwa, a daidaita shi kada ya karkata, don su da nauyin ƙasa suke auna gininsu, ba da sandarka ba. Makonnin farko bayan sun shiga sai ka riƙa leƙawa, in saƙa ta fara kaucewa ka tura ta da yatsa ta hau layi tun tana taushi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wajen ɗiba, bokiti mai murfi da wuƙa sun wadatar. Su da kansu sukan ajiye 'ya'ya kusa da ƙofa, zuma a can baya. Ka ɗauki saƙar da aka rufe akasarinta da kaki kawai, don rufewar ce shaidar ruwan jikinta ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, ba za ta yi tsami ba. Ka share ƙudan da gashin kaza ko ganye, ka yanke saƙar cikin bokiti, ka bar kamar faɗin yatsa a jikin sandar don su ɗora a kai, ka mayar. A gida ka farfasa, ka juye a kan rariya mai tsabta da farin yadi, ka rufe ɗaki ka bar ta ta tsiyaye kwana ɗaya ko biyu. Kada wuta ta taɓa ta. Abin da zai sauka shi ne zuma farar saƙa da ake faɗa, kuma lita guda tana kai wajen kilo 1.4, in kana son gwada ta 'yan kasuwa.

Gaskiya ne ba za ka samu yawan da mai Langstroth da inji zai samu ba, tunda duk shekara sai sun sake gini. Amma abin da ka rasa a zuma ka same shi a kaki. Abin da ya rage a yadi, ka wanke, ka narka a cikin ruwan zafi, ka tace, ya daskare ya zama curi rawaya. Dukawa na nema don zare, masu haɗa man shafawa na nema, kai ma kana buƙatarsa don shafa wa sababbin sanduna. Ba ka da tsohuwar saƙar da za ka adana wa tsutsa. Sai dai kada kwaɗayi ya sa ka kwashe duka: bar musu saƙa da dama, don tsakiyar damina lokacin yunwa ne a gare su, ruwa na wanke fure, kuma gidan da aka bari ba abinci shi ne ke tashi.

Akwai kuɗin da ba ruwansa da irin amyar da ka zaɓa, kuma shi ne bai kamata a yi masa ƙwauro ba. Riga mai haɗe da wando da hular raga, safar hannu, takalmin ruwa, da gwangwanin hayaƙi mai zugazugi. Tela zai iya ɗinka rigar da farin yadi mai kauri, a sa baƙar raga a fuska don ita ce ido ke gani ta cikinta. A gwangwanin ka sa totuwar masara ko busasshen kashin shanu, hayaƙi fari mai sanyi, ban da leda ko tsumman roba. Kada ka je da turare a jikinka. Ƙafafun abin da amya ke kai, a tsoma su cikin gwangwanaye masu baƙin mai saboda tururuwa, a share ciyawar da ke kewaye kafin a fara ƙonan daji, a ajiye musu ruwa a kasko da tsakuwa a ciki tun daga hunturu har faɗuwar ruwa. Ka yi magana da maƙwabtanka masu feshin wake, ko da roƙon su bari sai yamma ne in yana fure. Kuma wanda in an harbe shi jikinsa ke feso da borin jini, ko maƙogwaro ya kumbura, ko numfashi ya sarƙe, asibiti za a nufa da shi nan take, kiwon zuma kuma ba nasa ba ne.

In da ni ne kai, komi biyu zan yi, ba ɗaya ba, duka da awo ɗaya yadda sandar wannan za ta shiga wancan. Biyu suna ba ka abin kwatantawa, in ɗaya ya yi ƙaura kuma ba ka koma farko ba. Langstroth sai in garinku akwai ƙungiyar masu kiwon zuma da ke da injin tatsa da ake karɓa aro, da kafintan da ya saba da aikin, da inda ake sayen faifan kaki, kai kuma kana da niyyar wuce amya goma. In waɗannan sun haɗu, ɗauke shi, zai biya ka. Amyar ciyawa kuwa, in akwai dattijon da zai ɗora ta a bishiyar lambunka ya riƙa ɗiba kuna rabawa, kada ka hana shi, za ka koyi abubuwa da yawa a tsaye a gindin bishiyar.

Daga wurin dattijon nan na ƙauyen da ke kusa da lambuna ma na samo maganin komi da ke ƙin kamawa. Na sa aka yi mini ƙaramin akwati mai ɗaukar sanduna shida irin na komina. Na shafe cikinsa da kaki da ganyen nan mai ƙanshin lemun tsami da ake sa wa a shayi, na kai wa dattijon ya yi masa nasa turaren, wanda har yau bai gaya mini abin da ke ciki ba. Na ce, "Baba, ko kaɗan ba za a ɗan tsegunta mini ba?" Ya ce, "Ɗana, kai da kake da tef?" A watan Oktoba, da ruwa ya ɗauke, gawo ya fara fitar da ganye, muka saƙale akwatin a reshen tsamiya. Bayan kwana tara na ga 'yan leƙen asiri suna shawagi a bakin ƙofar. Da suka zauna suka fara shigo da garin fure a ƙafafunsu, na bari sai bayan magariba, na toshe ƙofar da tsumma, muka sauko da shi da igiya a hankali, muka ajiye a daidai inda komin zai zauna. Bayan 'yan kwanaki na zaro sandunan shida ɗaya bayan ɗaya na jera a cikin babban, na mayar da ƙaramin kan tsamiya.